Kalifar Dama a Tayar Hagu

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, bakanike ne a wani layin gareji da ke bayan tashar manyan motoci. Birki kaɗai yake gyarawa, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Birki yake ce masa. Gwani ne, ba a ja. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, bai taɓa sa tsohon kaya ya ce sabo ne ba. Da kun gan shi a sahun farko sai ku ce wannan ya gama tsira. Ciwonsa ɗaya ne: ba a gyara masa.

Ka ce masa noti bai ɗauru ba, sai ya tambaye ka shekarunka nawa. Abokan aikinsa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka yi nisa, in sun bugo waya faɗa ne, sai suka rage bugowa. Ƙanensa, ciki ɗaya, shi ma bakanike ne, rumfarsa na tsallaken titi tana kallon tasa. Shekara shida ba su gaisa ba, don kawai ƙanen ya taɓa gyara masa aiki a gaban jama'a. Mai Birki yakan buɗe rumfa shi kaɗai, ya ci abincin rana shi kaɗai a kan tsohuwar taya, ya kulle ya koma ɗakin da ba mai ce masa sannu da zuwa. Kaɗaicin na cin sa, amma ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

Mutum ɗaya ne ya rage masa, wani tsohon hedimasta mai wata tsohuwar mota dizal da ta girmi wasunku. In ta tashi sai duk layin ya sani. Hedimasta kan zo ko motar lafiyarta ƙalau, ya zauna a benci su yi hira. Shi kaɗai ke tsokanarsa: "Mai Birki, ka tsayar da motocin garin nan kaf, bakinka ne ya gagare ka." Sai Mai Birki ya yi dariya. Da wani ne ya faɗa, da sai an raba su.

Wata rana da safe Hedimasta ya kawo motar. Faifan birkin gaba sun cinye, sun yi zane, kalifa kuma ta ci tsatsa. Kalifa, ga wanda bai sani ba, ita ce ƙarfen da ke damƙe faifan in an taka birki. Ya sayo sababbi, biyu-biyu. Ya ce 'yarsa ta haihu a wani gari bayan tsauni, yana so ya ga jikansa kafin rana ta faɗi. Ya bar makulli ya tafi.

Mai Birki ya ɗaga mota a jak, ya cire tayoyi, ya sa sababbin faifai, ya ɗaura kalifa. Ku saurara nan da kyau. Kalifa kamar takalmi ce, akwai ta dama akwai ta hagu. Kowace tana da ɗan notin da ake kwancewa a fitar da iska daga man birki, kuma dole ya kalli sama, domin iska sama take tashi. In aka musanya su za su zauna daram, amma notin ya koma ƙasa, iskar ta maƙale a ciki. Idon Mai Birki ya fara rauni, ya kuma ƙi tabarau. Ya musanya su bai lura ba.

Kuskure ne, kuma wa ya fi ƙarfin kuskure? Ba nan zunubin yake ba.

Bayan azahar ƙanensa ya tsallako ɗiban ruwa a famfon layin. Ya gifta ta gaban motar, idonsa ya sauka a kan aikin. Ya yi kamar zai wuce, sai ya kasa. Ya rage murya yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Yaya, duba mana. Ta dama tana hagu."

Maganarsu ta farko ke nan a shekara shida. Mai Birki ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Ƙanen ya ɗauki jarkarsa ya koma. Mai Birki ya saci kallo, ya ga notin yana kallon ƙasa. Gaskiya aka faɗa masa, kuma gyaran bai fi minti ashirin ba. Amma motar a bakin titi take, ƙanen kuma yana zaune a ƙofar rumfarsa yana kwance wani inji. In ya sa sifana, za a gani. Ya ce a ransa bari ya shiga ciki tukuna. Ƙanen bai shiga ba. Ana cikin haka sai ga Hedimasta ya dawo da ledar kayan jarirai.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, Mai Birki kuwa ba shi da na biyu, don haka Hedimasta ne ya shiga ya zauna. "Taka. Riƙe. Saki." Tsohon nan yana takawa da ƙafarsa, yana ba da labarin jikan da bai gani ba. Man birki ya fito, iska ba ta fito ba. Mai Birki ya yi sauri ya mayar da tayoyi, suka rufe aikin.

Hedimasta ya sake takawa ya ce, "Kamar da ɗan laushi, ko?"

"Sabon kaya ne, zai zauna. In ka taka sau biyu zai kama."

"To, kai ne likitanta."

Ya 'yan uwa, a gangaren tsauni, da babbar mota a gabanka, wa zai ba ka lokacin takawa sau biyu?

Birki bai kama ba, ya afka wa babbar motar. An ciro Hedimasta da rai, bayansa a karye. Motar kuwa aka jawo ta layin garejin aka ajiye. Bakanikai suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa ya sunkuya ya leƙa bayan tayar, ya miƙe ya tafi. Ba wanda ya zage shi. Ƙanensa bai tona masa asiri ga kowa ba, sai dai an gan shi yana kuka, yana cewa da ya sani da ya ɗaga murya. Daga ranar ko keke ba a ƙara kawo wa Mai Birki ba.

Kwana tara Hedimasta ya yi a asibiti. Ya aiko ɗansa da saƙo: "Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce kada ka sa wa ranka damuwa, motar ce ta tsufa. Yana so ka zo ku yi hira." Mai Birki ya sa riga ya tafi har sau uku. Kowane zuwa sai ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya ga in ya shiga dole ya ce "ni ne", sai ya juya. Ran da ya je na huɗu ya tarar ana naɗe katifar, rai ya yi halinsa.

Har yau yana buɗe rumfar da safe. Ya share ƙasa, ya goge bencin, ya zauna har yamma.

Malamai sun koya mana cewa girman kai ba kyakkyawar riga ba ce, ƙin gaskiya ne da raina wanda ya kawo ta. Mutumin nan bai jahilci gaskiya ba, ya gan ta da idonsa. Bakin da ta fito ne bai yi masa ba. Kai da kake saurarena, wane ne wanda in ya ce maka ka yi kuskure za ka gwammace ka halaka? Ƙanenka? Matarka? Ɗanka? To Allah yakan aiko tsirarka ta bakinsa, kuma ba kullum ake aikowa sau biyu ba. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, sai dai wani lokaci gadon bayan wani ne ke karyewa.

Ya Allah, ka sassauta harsunanmu su iya cewa "na yi kuskure" tun gyara yana da amfani. Kada ka sa girman kanmu ya zama ajalin wanda ya amince da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye bayinsa daga sharrin kawunanmu. Amin.