Nauyi Kafin Watanni

Sunana Yazid, ina rubuta manhajar waya a Gusau. Hannuna akwai sauri, amma ina da mugun hali guda. In abu ya yi aiki sau ɗaya, ko wa ya ce in gyara, ba na komawa kansa.

Bara muka haɗa wa wata ƙungiyar makiyaya manhaja mai faɗin yawan maganin da za a ba dabba. Ni na rubuta ƙananan ayyukan lissafin da sauran ma'aikata ke amfani da su duk inda suka buƙata. Ƙa'idarmu ɗaya ce, kowanne a fara ba shi nauyin dabba, sannan watanninta na haihuwa. Sha ɗaya na rubuta haka. Na sha biyu, na maganin gudawar maruƙa, ina sauri in kama motar Tsafe, sai na juya shi: watanni, sannan nauyi.

Zuwaira, mai haɗa shafukan manhajar, ta gani.

"Yazid, wannan ya fita daban da 'yan'uwansa. Gyara shi mana."

"Haba Hajiya! Yana aiki ko ba ya aiki? Mai ido ya karanta."

Ta tafi hutun haihuwa, Ashiru ya karɓi aikinta. Ya ga sha ɗaya iri ɗaya, me zai sa ya zargi na ƙarshe? Ya ba shi nauyi, sannan watanni.

A Bungudu maruƙan wani makiyayi, Malam Jatau, suka kamu da gudawa. Malamin dabbobi ya shigar da kilo arba'in, wata uku. Manhaja ta ɗauka kilo uku ne, ta faɗi ɗan magani ƙanƙani. Kwana biyar ana ba su, huɗu suka mutu.

Da labarin ya iso mana na gano kuskuren, gyaran bai ɗauke ni minti biyu ba. Minti biyu fa!

Muka je jaje. Malam Jatau ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo mana nono.

"Kada ku damu, 'ya'yana," ya ce. "Kun yi iyakar ƙoƙarinku, kwanansu ne ya ƙare."

Ashiru ya sunkuyar da kai, yana ganin laifinsa ne. Ni kuwa na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya mayar da alheri." Wallahi har yau kunya ba ta sake ni ba.

Darasi: duk abin da ka ƙera don wasu su yi aiki da shi, ka jera shi bisa tsari ɗaya, domin mai amfani yarda ya ba ka, ba zai binciki kowanne ba. In kuma aka nuna maka baragurbi, ka gyara tun asarar ba ta faɗa kan wanda bai ji bai gani ba.