Kilishin da Bai Kwana a Rumbun Kura Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo, mun baza kunnuwa.

Raƙumi ne ke ɗauko kilishi daga arewa zuwa bakin kogi, Dorina kuma ta haye da shi kasuwar ƙetare. Sai dai ba sa isowa rana ɗaya. Ganin haka, Kura ta gina rumbu a bakin ruwan.

Kullum sai ta ce, "Sauke a nan, Dogo, kaya ma suna son hutu."

Kaya su kwana uku, ƙunshi goma ya koma shida. 'Yan kasuwa suka ce Raƙumi ne ɓarawon, in ya kuskura ya sake, sun sallame shi.

Yana ta hawaye, sai Shamuwa ta ce, "Share fuskarka, Baba. Daga sama ina hango ka tun kana tafiyar yini guda. Bar mini sauran."

Da ya sake tahowa, Shamuwa ta riga shi, ta sanar da Dorina, ta kuma kirawo birai. Ya iso ya tarar ta kafa baya a gaɓa. Ya gurfana, biran suka jeru, suna miƙa kayan hannu zuwa hannu, daga tozon Raƙumi zuwa gadon bayan Dorina. Ko ƙunshi ɗaya bai taɓa ƙasa ba.

Kura kuwa ta riga ta gayyato danginta cin nama. Ta fito a guje: "Haba! Kayan ba za su huta ba?"

Dorina ta ce, "Sa huta a kasuwa, Yaya!" Ta faɗa ruwa.

A ƙetare aka ga goma cif, aka rangaɗa wa Raƙumi guɗa. Dangin Kura suka leƙa rumbu, wayam. Suka juyo suna kallon ta, suna lasar baki.

Ƙurunƙus kan Kura, tatsuniya ta haye kogi!