Gurbin da Bassu Ya Ɓoye

A ƙauyen Tamalut, can cikin duwatsun Atlas, akwai wani kafinta mai suna Bassu. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya ha'inci a aikinsa, ƙofar da ya haɗa sai ta shekara talatin ba ta yi ƙara ba. Amma yana da hali guda da kowa ya san shi da shi: in dai maganar kamun kifi ce, gaskiya ba ta fita daga bakinsa.

Da sanyi, kifin turuta, mai ɗigo-ɗigon ja a jiki, yakan sauka can ƙasan ruwa ya lafe. Mai fatsa sai ya yini a bakin kogi yatsunsa suna daskarewa, ya koma gida hannu rabbana. Shi kuwa Bassu kullum jakarsa da nauyi. Shekara shida ke nan da ya gano wani gurbi a cikin kwazazzabo, ƙasa da ƙauyen, inda wani marmaro mai ɗumi yake ɓulɓulowa daga gindin dutse, kifi suna taruwa a wurin. Tun ranar ya kulle bakinsa. In an tambaye shi ya ce gabas, gobe ya ce arewa, mutane su je su sha sanyi a banza, shi kuma yana dariya a ciki.

Wata Juma'a, ƙarshen sanyi, ya tashi da sassafe ya ɗauki sandarsa ta fatsa da wandon roba mai zuwa har ƙirji. Matarsa Itto tana hura wuta.

"Baban Yamna, ina aka nufa?"

"Tsohuwar Gada."

"To. Yau dai Juma'a ce, kuskus ba ya jiran kowa."

"Kafin liman ya hau mumbari ina gida."

Ya biya ta shagon shayin Muha. Masu fatsa sun kewaye murhu, ana ta musun da ba ya ƙarewa. Wani na cewa da sanyi ba abin da ya kai ɗan cokali mai walƙiya jawo kifi ga ƙugiya, wani na cewa ƙudan ƙarya da aka ɗaura da gashin zakara ya fi. Lahsen yana cikinsu. Shi ne wan Itto, abokin Bassu tun suna makarantar allo, kuma direban farar bas ɗin da ke kai mutane gari.

"Duk ku yi shiru," in ji Lahsen. "Kifi mai jin yunwa tana yake so, ba kwalliya ba. Ga malaminku nan ya iso, ku tambaye shi, ya yi muku ƙaryar safe ku karya da ita."

Aka bushe da dariya. Bassu ya karɓi shayinsa a tsaye, ya kurɓa biyu, ya juya zai fita. Lahsen ya biyo shi waje, fuskarsa ba wasa.

"Mutumina, dubi kan dutsen can. Ƙanƙara za ta zubo kafin la'asar, kuma ba kaɗan ba. Gaya mini inda za ka."

"Don ka biyo ni da gwangwanin tanarka?"

"Bar zancen kifi. Ina za ka?"

"Na ce Tsohuwar Gada."

"Rantse."

Bassu ya waiga. Sai ya hango ta taga mutum biyu sun kasa kunne.

"Wallahi can za ni."

"Shi ke nan. Allah ya kiyaye."

Bassu ya kama hanyar da ta haura zuwa gada, yana tafiya a fili don kowa ya gan shi. Da ya sha kwana, sai ya saki hanya, ya zagaya ta bayan maƙabarta, ya gangara cikin itatuwa, yana taka duwatsu don kada ya bar sawu. Tafiyar sa'a guda ta kai shi kwazazzabon. Wurin ba kowa, sai rugugin ruwa. Ya tuɓe shuɗiyar jallabiyarsa ta ulu ya ajiye kan wani dutse, ya sa wandon roba, ya shiga kogin.

Ya fara da ƙudan gashi, ya jefa shi saman gurbin ya bar ruwa ya gangaro da shi a hankali. Shiru. Ya sauya, ya ɗaura ɗan cokali, ya jefa ya jawo har kafaɗarsa ta gaji. Ƙanƙara ta riƙa daskarewa a zoben sandar, yana fasa ta da haƙori. Daga bisani ya waiga hagu da dama kamar wani na kallonsa, ya zaro tana daga aljihu ya soka a ƙugiya, ya sake ta can ƙasa.

Bai daɗe ba ya ji an ja. Ba fizga ba ce, wani nauyi ne kamar ƙugiyar ta kama saiwa. Sai saiwar ta motsa. Sanda ta tanƙware, zare ya fara kuka. Kifin ya juyo kusa da saman ruwa, Bassu ya ga faɗin bayansa. Bai taɓa ganin irinsa a kogin nan ba.

Kifin ya bar gurbin ya nufi inda ruwa ke gudu. Bassu ya bi shi, idonsa a kan zare, ba a kan inda yake sa ƙafa ba. Ya taka wani dutse da ƙanƙara ta lulluɓe. Ƙafar dama ta zame ta shige tsakanin duwatsu biyu, jikinsa ya tafi gefe. Ya ji ƙas, kamar an karya busasshen reshe.

Ruwa ya tuttuɗo cikin wandon roba har ƙirji. Sanyin ya ɗauke masa numfashi. Ya saki sandar, ya rungumi dutse da hannu biyu, ya zaro ƙafar yana ihu. Da jan ciki ya kai gaɓa, ya kwance igiyoyin wandon ya zubar da ruwan, ya jawo jallabiyarsa ya shige ciki. Da ya dubi ƙafar, sai ya kawar da kai. Daga ƙasan gwiwa ta karkace.

Ya laluba wayarsa. Ta jiƙe, ta mutu. Ko da ma tana da rai, ya sani sarai ba a samun sabis a kwazazzabon, don hakan ma na cikin abin da ya sa yake son wurin.

Ya gwada jan jiki zuwa hanyar da ya gangaro. Taku goma bai yi ba idonsa ya yi duhu. Ya koma ya jingina da dutse, haƙoransa na kaɗawa.

"Za su zo," ya ce wa kansa. "In ba su gan ni a masallaci ba, za su zo."

Sai ya tuna inda ya ce musu za shi. Su zo ina?

Rana ta ɓace cikin gajimare. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, tsilli-tsilli da farko, sannan kamar ana zazzage buhun auduga. Daga inda yake zaune yana iya hango wani ɗan yanki na titi, can sama a jikin dutsen da ke tsallake. Ya kafa masa ido. Ba ya jin yatsun ƙafarsa, na hannun ma sun fara ƙin lanƙwasuwa.

Can bayan an sauko daga masallaci sai ga farar bas. Ya gane ta tun daga nesa. Cike take da maza, har da igiyoyi da tsani a samanta.

"Lahsen!" ya ƙwalla. "Lahsen! Ga ni nan!"

Ya ɗaga hularsa yana kaɗawa. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Rugugin kogin ya haɗiye kome. Motar ba ta ko rage gudu ba, ta ci gaba da haurawa, ta nufi Tsohuwar Gada, ta sha kwana ta ɓace.

Bassu ya sauke hannunsa. Ba wanda ya ɓatar da su. Shi da bakinsa ya tura su can, har da rantsuwa. Ya tuna Yamna, 'yarsa da za ta gama makaranta bana. Ya fara salati, harshensa na sarƙewa. Daga baya rawar jikin ta daina, wani barci mai daɗi ya fara jansa. Ya san irin barcin nan, ya sha jin labarin makiyayan da aka tsinta a zaune kamar suna hutawa. Ya riƙa cizon leɓensa don kada ya tafi.

Bai san iya lokacin da ya wuce ba. Ya dai ji ana marin fuskarsa.

"Buɗe idonka! Baban Yamna, buɗe idonka, na ce!"

Itto ce, mayafinta fari fat da ƙanƙara. Bayanta maƙwabciyarsu Rabha tana riƙe da linzamin alfadari. Suka lulluɓe shi da barguna, Itto ta ɗura masa shayi mai ɗumi a baki. Rabha ta karyo rassa biyu suka ɗaure ƙafar da ɗankwali.

"Yaya... yaya kika san nan nake?"

"Shekara goma sha takwas ina wanke kayanka," in ji Itto, tana ɗaure kullin ba ta dube shi ba. "Jar lakar da kake kwasowa babu ita a gada. Kuma na san ka. In ka ce sama, ƙasa ka yi."

"Me ya sa ba ki gaya musu ba?"

"Na gaya wa Yaya Lahsen. Har rigarsa na riƙe. Ya ce mini, 'Itto, yau ya rantse. Bassu zai yi mini wasa, amma ba zai rantse mini a kan ƙarya ba.'"

Da ƙyar matan biyu suka ɗora Bassu kan alfadarin. Suka hauro a hankali, dabbar na zamewa, Itto na tallafe da shi, Rabha na gaba tana laluben hanya.

Ana shirin kiran magariba suka shigo ƙauyen. Bassu ya zaci zai tarar da mutane suna murna. Sai ya ga taro a ƙofar shagon Muha, farar bas na tsaye da ƙofarta a buɗe, wani ne daban a mazaunin direba. A kujerar baya mutum ne kwance cikin barguna.

Itto ta saki alfadarin ta ruga. "Yaya!"

Muha ne ya matso kusa da Bassu. Bai yi masa sannu ba.

"Mun je gada ba mu gan ka ba. Sai muka hango wani abu shuɗi ya maƙale a gindin ginshiƙi, cikin ruwa, launin rigarka. Muka ce a jira a kawo dogon ƙarfe. Lahsen ya ce in kai ne, ba lokacin jira. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga. Ruwa ya ɗauke shi ya maka shi da ginshiƙin. Mu shida muka jawo shi." Muha ya tofar da yawu gefe. "Buhun taki ne."

A mota ɗaya aka kai su asibitin gari, a ɗaki ɗaya aka kwantar da su. An ɗora ƙafar Bassu, amma sanyi ya riga ya cinye yatsu uku, sai da aka yanke su. Lahsen kuwa kafaɗarsa ta dama ta farfashe, ruwan sanyi ya shiga huhunsa. Kwana tara yana zazzaɓi bai san wanda ke kansa ba. Duk kwanakin nan Bassu yana gadon da ke gefe, yana sauraron numfashinsa. Da zazzaɓin ya sauka, likita ya gaya wa Itto cewa hannun ba zai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Tuƙi ya ƙare.

Ran nan da hantsi, ɗakin ba kowa sai su biyu, Bassu ya yi ta maza.

"Lahsen, ka yafe mini."

Lahsen yana kallon rufi. "Na ce maka ba zancen kifi nake ba."

"Na sani. Wallahi na..."

"Kar ka rantse."

Bassu ya juyo gare shi.

"Wurin yana cikin kwazazzabo, ƙasa da maƙabarta. Akwai marmaro mai ɗumi a gindin dutsen. In mun warke zan kai ka. Zan kai kowa."

Lahsen ya juyo da kansa a hankali ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi yi wa Bassu ciwo.

"Na yafe maka, don Itto da Yamna. Gurbin kuwa riƙe abinka, mutumina. Da wane hannun zan jefa?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, babu ƙaramar ƙarya. Wadda mutum ya ɗauka wasa ce, ko dabarar kare wani ɗan abin duniya, ita ce ranar tsanani za ta kawar da masu ceto daga inda yake. Mafi muni kuma, ba wanda ya san ka da ƙarya take fara cutarwa ba, sai wanda ya yarda da kai. Rowa ta sa Bassu ɓoye abin da Allah ya zuba a kogi don kowa, ƙarya ta tsare masa rowar, rantsuwa ta tsare masa ƙaryar, kuma amininsa ne ya ɗauki nauyin duka ukun. Ka kiyaye harshenka tun kana cikin lafiya, kada ka sa sunan Allah a kan abin da ka san ba haka yake ba, domin akwai ɓarnar da neman gafara ba ya gyara ta.