Hancin Baba Bay da Na'urar Manaja Thinh

Akwai wani manaja mai suna Thinh a wata masana'antar daskarar da jatan lande a garin Ca Mau. Kamfanin ya sayo na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda aka tsara a kan salon jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, domin ta riƙa ba manajoji shawara. Thinh kuwa ya mayar da shawararta umarni.

Wata safiya na'urar ta nuna cewa duk ranar da Baba Bay, tsohon makanikin ɗakin sanyi, yake bakin aiki, sai an tsayar da injuna.

Thinh ya kira shi ofis.

"Baba, sau tara ka tsayar mini da aiki. Me ya sa?"

"Na ji warin iskar sanyaya ne, ɗana. Bututun ya tsufa."

"A littafin aiki 'an tsaya' kawai ka rubuta."

"In na rubuta dalili, laifin zai hau kan yaran da suka yi walda. Suna da iyali. Gyarawa nake yi in yi shiru."

Thinh ya yi dariya. "Wato mu jefar da na'urar, mu ɗauki hancinka aiki? Je ka huta, Baba, ka yi kiwon agwagi."

Tsohon ya ɗauki hularsa. "Na'urarka ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta kawai ta sani. Amma ka sa a duba bututun nan."

Ba a duba ba. Wata biyu injuna ba su tsaya ba, har aka yaba wa Thinh a taron shugabanni.

Ranar wata Talata da hantsi, bututun ya fashe. Iskar sanyayar, mai guba, ta cika zauren da mata suke ɓare jatan lande. Babu wanda ya san wane mariƙi za a murɗa a rufe bututun, domin wanda ya sani yana gida.

Mata goma sha ɗaya aka kwasa zuwa asibiti. Cikinsu har da Sen, yayar Thinh, wadda da wannan ɓarar ta biya masa kuɗin karatun jami'a.

Ya same ta an ɗaure mata idanu. Likita ya ce ba za ta ƙara gani ba.

"Auta, kai ne?" ta tambaya da dasasshiyar murya. "Tun makon jiya muke jin warin. Muka ce ai da akwai matsala, da na'urarka ta faɗa maka."

Thinh ya zauna a bakin gadonta, ya riƙe hannunta.

Darasi: Na'ura ba ta san abin da ba a rubuta ba, kuma ba ita za ta tsaya gaban wanda aka cuta ba. Shugaban da ya ji gargaɗin ma'aikaci ya yi masa dariya, kada ya laɓe a bayan kwamfuta: hukuncin nasa ne, alhakin ma nasa ne. Ku tura wannan ga duk mai riƙe da abincin wasu a hannunsa.