Rami Ɗaya, Baki Uku

Ga wata nan ta iso, kowa ya gyara zama.

Shekarar da gobara ta lashe rumbun Zaki, namun dawa sun ji jiki. Da ma su suka jawo wa kansu: kowa ya kwashi hatsinsa da irin shukarsa ya jibge a rumbu guda, wai don mai rumbun ya iya gurnani. Wuta kuwa ba ta san sarki ba. Aka sha yunwa har Kura ta koma tsintar kanya.

Da kaka ta zagayo, Giwa ta tara su ta ce an daina wannan wauta. Daga yau kowa ya raba irinsa kashi uku, ya kai ajiya gidaje uku daban-daban, shi ma ya adana na wasu. In wuta ta ci ɗaya, biyu na nan. Kuma duk Laraba za a zagaya, mai ajiya ya fito da dami bakin ƙofa a gani da ido.

Kurege na gefe yana sosa ciki. Bai taɓa riƙe fartanya ba, amma a taron hatsi shi ne a sahun gaba. Ya ce a ransa, "Ni ne Kurege na bakin gona, ba na shuka, ba na kwana da yunwa. Giwa ta ƙulla da hanci, ni zan kwance da haƙori."

Da gari ya waye ya haƙa rami guda, ya fitar masa da baki uku: ɗaya a gindin tsamiya, ɗaya a bayan suri, ɗaya a bakin rafi. Sai ga Ɓauna tafe da dami uku na farar dawa, irin da ta gada daga kakarta, kuma ba ta da wani bayansa. Girman kai dai Allah ya ba ta, abin da ke cikinsa ne kaɗan.

A gindin tsamiya Kurege ya tarbe ta da fuskarsa, ya rantse shi ɗan amana ne, ya karɓi dami. Kafin ta kewaye sarƙaƙƙiya ya bi ta ƙasa, ya yi birgima cikin ƙarangiya, ya ɓullo bayan suri a matsayin Bushiya. Ya siranta murya ya ce, "Yaya, Kurege kika ba ajiya? Wannan ɓarawon ko gaisawa ba ma yi." Ɓauna ta ji daɗi, ta ce ai masu gaba ba sa haɗa baki su cuce ta, ta miƙa na biyu. A bakin rafi kuma ta iske Zomo, kunnuwansa ganyen masara ne da aka manna da ƙaro, ta ba shi na ƙarshe har da godiya.

Kurege ya ci dami biyu ya yi bulɓul, ya bar ɗaya na nuni. Ran Laraba manya su taho a jere suna hura hanci, shi kuwa ya ja damin nan ta ƙasa daga ƙofa zuwa ƙofa, yana sauya kama. Giwa ta duba ta gyaɗa kai, Ɓauna ta yi ta yabon maƙwabtan kirki. Dami ɗaya suka ƙirga sau uku, Laraba bayan Laraba, ba wanda ya tsargu.

Da gari ya waye wata Laraba, sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Giwa ta ce ba lokacin zagaye, ruwan shuka ne wannan, a rabu uku a karɓo wa Ɓauna irinta yanzu. Ita ta tsaya tsamiya, Kura ta nufi suri, Ɓauna ta tafi rafi, suka yi sallama a tare.

Nan fa ido ya raina fata. Kurege ya amsa nan da murya siririya, ya ruga can ya amsa da kauri, ya dawo ya manta wa ke wace ƙofa. Can ya faɗo gaban Ɓauna da kunnen masara ɗaya, ƙarangiya a gadon baya, ga wutsiyarsa buzu-buzu a fili.

Ɓauna ta sa ƙaho ta ɗaye rufin ramin tun daga rafi har tsamiya. Ƙaiƙayi ne tuli, sai damin nan guda, shi ma an ƙwaƙule cikinsa ya zama fanko. Ruwa ya fara sauka a kan gonarta da ta share, ba ko ƙwayar da za ta jefa. Ta juyo kan Kurege, ta ɗaga kofato.

Shuri ɗaya Kurege ya tashi sama, Kura ta cafke rabin wutsiya, ya bar mata ya zille ta tsakanin ƙafafun Giwa. Sai da ya haye rafi yana ɗingishi, haƙori biyu babu, sannan ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Ƙofofi kuka ƙirga, ba masu gida ba. Baɗi baki bakwai zan haƙa!"

Ƙurunƙus, kan mai rabin wutsiya.