Ranar da Giwa Ta Rasa Haure a Gidan Ɗaga Ƙarfe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna!

A gidan ɗaga ƙarfen namun dawa, doka ce wanda ya gama ya sauke faifan ƙarfen da ya ɗora a kan sandar ɗagawa. Ran nan Giwa ta gama, ta bar faifai goma-goma a kan sandar, ta tsaya gefe tana shan ruwa.

Zomo ya ce, "Yaya Giwa, don Allah a sauke mana, layina ne."

"Kai mai kunnuwa, ni baiwarka ce? Sauke da kanka!"

Zomo bai san ana cire nan a cire can ba. Ya yi ta turo faifan daga gefe guda. Sai sandar ta wuntsila, ƙau, a bakin Giwa! Innalillahi! 'Ya'yana, haure guda ya faɗo ƙasa.

Giwa ta ɗaga ƙafa za ta take Zomo. Tsoho Kunkuru ya ce, "Ranki ya daɗe, wa ya bar ƙarfen?"

Ƙafar ta daɗe a sama. Can ta sauke ta a hankali, ta durƙusa da jini a baki tana kwashe faifanta.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.