Inci Uku

Akwai wani mai walda da ake kira Dogo. Sunan ya bi jiki, don ko shagonsa zai shiga sai ya sunkuya. Shekara talatin da suka wuce shi ke tsaron ƙarƙashin kwando a ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kwalejin Fasaha. Har yau in ya zauna, zancen ke nan.

Kwaleji biyu ne a garin, titi ɗaya ya raba su: ta Fasaha da ta Malamai. 'Yan Fasaha na kiran waɗancan 'yan alli. Su kuma suna kiran 'yan Fasaha 'yan baƙin mai. Duk shekara sai sun haɗu a gasar kwalejoji, wanda ya sha kashi kuwa shekara guda zai yi yana shan baƙar magana.

Dogo yana da ɗa a ƙungiyar Fasaha, autansa. Auta ake ce masa har a fili. Ba shi da surutu, amma hannunsa na da kyau. In aka ba shi jifa daga layi, cikin goma da wuya ya zubar da biyu.

Saura mako shida gasa, kwaleji ta ba Dogo aikin sabbin kwanduna, saboda tsoffin sun yi tsatsa. Ya yanka ƙarfe, ya haɗa allo, ya lanƙwasa zobe da hannunsa. Ranar kafawa kocin ƙungiyar ya zo da tef ɗin awo.

"Ranka ya daɗe, mu auna tsayin zobe, ƙafa goman nan na ƙa'ida, kafin ka liƙe."

Dogo ya ɗaga gilashin walda ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Kai, lokacin da nake taɓa zobe ko rarrafe ba ka fara ba. Mai da tef ɗinka aljihu."

Yana da hanyarsa ta awo tun yana saurayi. Zai tsaya a miƙe, ya ɗaga hannu riƙe da gudumarsa ta ƙarshen ƙota. Inda kan guduma ya tsaya, nan ne ƙafa goma. Haka ya yi a gefen nan, ya yi a wancan, ya liƙe su ƙam. Koci ya mai da tef aljihu. A shekaru, Dogo ya haife shi.

A waɗannan kwanduna yaran suka yi atisaye safe da yamma har mako shida.

An yi gasar a babban ɗakin wasa na gari, ba filin kowa ba. Tun ranar farko jifan 'yan Fasaha na nesa ya ƙi shiga. Aka ce tsoron taro ne. Da gudu da tsaro da cusa kai ƙarƙashin kwando suka lallaɓa har wasan ƙarshe. Can suka tarar da 'yan alli na jiran su.

Saura daƙiƙa biyu a tashi, Malamai na da sittin da ɗaya, Fasaha na da sittin. Aka bugi hannun Auta yana shirin jifa. Alƙali ya busa usur, ya ba shi jifa biyu daga layi, babu mai tare shi. Ɗaya ta shiga an yi kunnen doki. Biyu sun shiga kofi ya zo gida.

Dogo ya miƙe tsaye a cikin 'yan kallo, ya tare wa mutum uku gani.

Ta farko ta bugi gaban zobe ta dawo.

Ta biyu ta bugi wurin da ta farko ta buga.

'Yan alli suka ɓarke da ihu. Dogo bai jira ɗansa ba, ya fice.

Akwai shagon aski kusa da nasa, da benci biyu a ƙofa. Nan suke zama da yamma: shi, da mai aski, da wani direban motar haya, da tela. Telan nan tsohon ɗalibin Kwalejin Malamai ne, guntun mutum, kullum tef rataye a wuya. Shekara ashirin suna tsokanar juna da Dogo.

Mako uku ba a yi wani zance a bencin ba.

"Alƙali ne ya cuce mu," in ji mai aski. "Kwandon nan da ya soke kafin hutu, ina laifinsa?"

"Ƙafar yaronku na kan layi," tela ya ce. "Har makaho ya gani."

"Koci ne," in ji direba. "Ya bar mutum biyar suna gudu kamar motar da ba ta da birki, bai canza ko ɗaya ba. Ina ƙarfin hannu zai fito?"

"Ku dai ku ce an fi ku, mu huta," tela ya ce yana dariya. "Amma tsakani da Allah, wani abu ya ba ni mamaki. Duk makon gasar jifanku gajere ne. Ba na mutum ɗaya ba, na kowa."

"Ɗan alli, rufe mana baki," Dogo ya ce. "Ku bar kewaye-kewaye. Ba alƙali ba ne, ba koci ba ne. Ɗana ne ya zubar da kofi. Zuciya ce babu. A zamaninmu ido rufe muke jefa irin wannan."

Ana cikin haka Auta ya iso aski. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kujera, aka yafa masa ƙyalle.

"Mai aski, ka bi a hankali," Dogo ya ce da ƙarfi. "Kada injin ya ba shi tsoro hannunsa ya ƙara gajarta."

Direba ya tuntsire da dariya. Mai aski ya yi kamar bai ji ba.

"Haba Dogo," in ji tela. "Mu da muka ci ba mu faɗi haka ba."

"Ni na haife shi, ni zan faɗa. Gajeren hannu!"

Auta na kallon madubi. Aka gama, ya yi sallama, ya tafi.

Sunan ya bi shi. Kafin mako ya zagayo, 'yan alli na kiran sa Gajeren Hannu daga tsallaken titi. Daga baya 'yan ajinsu ma suka ɗauka. In an yi musu magana sai su ce, ai babansa ne ya raɗa masa.

Auta ya mayar wa koci da rigar wasa. Ya nemi a tura shi koyon aiki na shekarar ƙarshe a wani kamfani a garin da yayarsa ke aure, tafiyar yini guda. Aka ba shi.

Uwarsa ta tari Dogo yana wanke hannu a bakin famfo.

"Maigida, yaron nan tafiya zai yi ranar Lahadi. In ya tafi a haka, ba na jin zai dawo. Ka kira shi ka yi masa magana mai daɗi ko sau ɗaya."

"Ya tafi mana. Can ma a koya masa zama namiji."

Ranar Asabar da yamma gardama ta sake tashi a benci. Tela ya ce jifa daga layi gaban mutum dubu ba wasa ba ne. Dogo ya buga cinya ya miƙe.

"Ku taso. Yanzu zan nuna muku, da furfurata."

Suka bi shi filin kwaleji, su uku, ana raha. Wasu ɗalibai na wasa, ya karɓi ƙwallonsu. Ya tsaya a layi, ya jefa biyar, uku suka shiga. Mai aski ya tafa masa. Kai ya kumbura.

"Ku matsa ku ga wani abu."

Ya ja baya taku uku, ya zo da gudu irin na dattijo, ya yi tsalle. Yatsunsa suka taɓa zobe har raga ta motsa.

Ɗalibai suka yi sowa. Direba ya jefa hularsa sama.

Dogo ya sauko yana haki, yana dariya. Sai dariyar ta ɗauke. Shi ya san jikinsa. Rabonsa da taɓa zobe shekara goma sha biyar, tun kafin gwiwarsa ta fara ciwo. Ya ɗaga kai ya dubi zoben. Ya ga kamar ya yi kusa.

Tela ma bai tafa ba. Ya zare tef daga wuya.

"Ku kawo mini tsanin can."

"Me za ka yi, ɗan alli?" direba ya tambaya.

Tela ya durƙusa a gindin kwando. Tef ɗinsa ƙafa biyar ne. Ya auna daga ƙasa, ya sa alama da alli a jikin ƙarfe, ya hau tsani ya ci gaba daga alamar. Ya sake aunawa. Ya ja tsanin zuwa ɗaya gefen, ya yi haka nan. Sannan ya sauko ya zo dab da Dogo, ya rage murya.

"Ƙafa tara da inci tara. Duka biyun. Inci uku babu."

Dogo ya ƙura wa zoben ido. Can abin ya faɗo masa. Bara ƙotar gudumar ta tsage wajen kai, ya yanke wurin tsagewar, ya sake cusa ta. Ya ci gaba da aiki da ita, bai ƙara tunawa ba.

Mako shida hannun yaran na koyon kwandon da bai kai ba. Aka kai su gaban kwando na gaskiya, kowace ƙwallo ta faɗi gaba.

Dogo ya jira tela ya yi dariya. Shekara ashirin mutumin nan na neman rana irin wannan. Tela ya naɗe tef ɗinsa kawai, ya ce, "Je ka gida, Dogo. Gobe ne tafiyar Auta."

Dogo ya sami Auta a ɗaki yana ninke kaya cikin jaka. Ya tsaya a bakin ƙofa, kai a sunkuye saboda tsawo. Maganar ta yi masa nauyi.

"Auta. Kwandunan nan da na kafa..."

"Inci uku, Baba."

Dogo ya kama ƙyauren.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Tun ranar farko a ɗakin gasa na ji hannuna na yi mini ƙarya. Kwana uku bayan wasan na ɗauki tef a shagonka, na je na auna."

"Ka sani tun lokacin? Ranar da ka zo aski ka sani?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Auta ya ajiye rigar da ke hannunsa.

"In faɗa wa wa? In na gaya wa koci, gari ya ji. Kwaleji ba za ta ƙara ba ka aiki ba. 'Yan alli su sa ka a waƙa har ka mutu. Ni shekara ɗaya ta rage mini a nan. Kai nan za ka zauna. Na ce gara ni."

"Gobe zan tsaya a gaban kowa in faɗa. Zan je wurin koci. Rigarka na nan, zai ba ka."

"Ka faɗa, Baba, saboda sauran yaran. Su ma ana zagin su." Ya ja zif ɗin jaka. "Ni ba kofin ne ya dame ni ba. Dariyar 'yan alli ma zan iya ɗauka. Da na zubar da ta biyu, na juya ina neman ka cikin mutane. Bayanka na gani a ƙofa. Ko da zoben daidai yake, ko da ni ne na zubar da gaske, ai ɗanka ne ni."

Dogo ya saki ƙyauren, ya koma ɗakinsa.

Da safe ya ɗauki jakar zai kai masa tasha. Auta ya karɓe ta da ladabi, ya ce ba nauyi. Ya durƙusa ya yi masa sallama kamar yadda ake yi wa baƙon dattijo, ya tafi.

Dogo ya cika maganarsa. Ya faɗa a benci, ya faɗa wa koci a gaban 'yan wasa. Ya yanke zobban ya ɗaga su. Wasu suka zage shi, wasu suka yi dariya, bayan wata biyu aka manta. Kofi dai na wurin 'yan alli.

Auta ya gama koyon aiki, kamfanin ya riƙe shi. Bai sake taɓa ƙwallo ba. Duk ƙarshen mako yana kiran uwarsa a waya. Dogo kan baro shago da wuri ranar, ya zauna a tsakar gida yana goge takalmin da ba ya bukatar guga. Yana jin su suna hira, suna dariya. In sun gama sai ta sauke wayar ta ce, "Ya ce a gaishe ka."

Shekara ta uku ke nan.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi a gaban jama'a, koma ka auna aikin hannunka, komai daɗewarka a sana'a. In ɗanka ya faɗi, kai ne na farko da zai nema da ido, to ya same ka a wurin. Ƙarfe in ya gajarta ana ƙara shi. Maganar da uba ya yaɓa wa ɗansa a bainar mutane ba ta gyaruwa da neman gafarar yini ɗaya. Ku tura wa iyaye da masu horar da yara. Wataƙila akwai wanda nasa bai ɗaure jaka ba tukuna.